Malam Muhammadu Bakatsine, Gwanin Hatimi

Ya kai ɗalibi, idan ka je Katsina za a nuna maka hasumiyar Gobarau, a kuma shaida maka cewa birnin ya daɗe yana tara malamai. Ɗaya daga cikinsu shi ne wani Bafulatani mai suna Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda Larabawa suka sani da Alkashinawi, wato Bakatsine. Cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na Bagarmi, a ƙasar Chadi ta yau. Wajen shekarar 1730 ya tafi aikin hajji, daga can ya zarce Misra, bai sake komawa gida ba.

Ya san nahawu da ilimin taurari, amma abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne hatimi. Hatimi zane ne mai kusurwa huɗu da aka raba gida-gida, a zuba lambobi a ciki yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. Gwada da kanka. Zana gida tara, uku-uku. A layin sama rubuta 8, 1, 6. A na tsakiya 3, 5, 7. A na ƙasa 4, 9, 2. Tara su a kwance, a tsaye, da kuma daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu. Ba sa'a ba ce: lambobin 1 zuwa 9 jimlarsu 45, ka raba wa layi uku, kowanne ya tashi da 15.

Malaman zamaninsa suna sa hatimi a cikin laya, shi ma ya ɗauke shi a matsayin ilimin asiri. Duk da haka, abin da ya rubuta da Larabci a 1732 lissafi ne mai tsari: ƙa'idojin cika hatimin da gefensa ke da gida 3, 5, 7 da makamantansu, ba tare da lalube ba. Mai gida 25, alal misali, dole kowane layinsa ya ba da 65. Nemo dalili ta hanyar da muka bi a sama.

A Alƙahira ya sauka a gidan Shehu Hasan Aljabarti, wani masanin taurari, wanda ya ɗauki ilimin hatimi a wurinsa. A gidan ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, shi ne ya sa labarinsa a cikin littafinsa na tarihin Misra.