Hubert Ogunde: Ɗan wasan da gwamnatoci suka ji tsoron dandalinsa

A nan Arewa mun saba kallon ɗan wasan kwaikwayo a matsayin mai ba da dariya, wanda za a tafa wa sannan a hana shi auren ɗiya. Shi ya sa nake son mai karatu ya san Hubert Ogunde, Bayaraben da ya mai da wasa sana'a mai ciyar da iyali, wanda hukuma ta rufe wa baki a zamanin Turawa, ta sake rufe masa a zamanin 'yan ƙasa.

An haife shi a 1916 a Ososa kusa da Ijebu-Ode. Mahaifinsa malamin coci ne, kakansa na wajen uwa kuma bokan gargajiya, saboda haka ya tashi da waƙar coci a kunne ɗaya, gangar gargajiya a ɗaya. Ya yi koyarwa, ya shiga aikin ɗan sanda a 1941. A 1944 ya shirya wasansa na farko a Legas, labarin Adamu da Hauwa'u, bisa ɗaukar nauyin wani coci. A 1946 ya tuɓe kaki, ya bar albashi da fansho, ya dogara da kuɗin tikiti.

A ganina wannan murabus shi ne mabuɗin rayuwarsa. Wanda ba ya cin albashin hukuma ba ya shakkar takardar kora. Bayan yajin aikin gama-gari na 1945 ya yi wasa mai suna Strike and Hunger, 'yan sanda suka dakatar da shi a Jos a 1946. Da aka harbe ma'aikatan kwal 21 a Inugu a Nuwamban 1949, ya fito da Bread and Bullet, aka hana nuna shi a Kano. Tawagarsa a babbar mota take yawo gari-gari, da ganguna da kayan ado, kuma Sabon Garin biranenmu na cikin zangonta.

Babbar jarrabawar ta zo bayan 'yancin kai. Rikici ya raba jam'iyyar AG, Awolowo yana kurkuku, Akintola yana Firimiyan Jihar Yamma. A 1964 Ogunde ya nuna Yoruba Ronu, wato Yarabawa ku yi tunani, labarin sarkin da mataimakinsa ya ci amanarsa. Babu wanda ya buƙaci tafinta. Gwamnatin Akintola ta haramta wa tawagar wasa a duk faɗin jihar, wato ainihin kasuwarta, har sai da sojoji suka ɗage haramcin a 1966. Ban ce wasan adalci ya yi wa Akintola ba. Ɓangare Ogunde ya ɗauka ƙarara. Amma shekara biyu yana ciyar da jama'a masu yawa da ɗan abin da yake samu a Legas da wasu jihohi, bai janye wasan ba.

Akwai wani abu da magoya bayansa kan wuce da sauri. Iyaye ba sa barin 'ya'yansu mata su hau dandali, sai ya riƙa auren 'yan wasansa, har tawagar ta zama gida guda. Dabarar ta riƙe kamfanin shekaru arba'in da ɗoriya, sai dai guminsu ne ya gina sunan da shi kaɗai ake tunawa da shi.

Da talabijin da sinima suka fara cinye kasuwar dandali, ya koma fim yana da shekara sittin da 'yan kai. Aiye, labarin mayu da masu yaƙarsu, ya cika gidajen sinima, Jaiyesimi ya biyo baya a 1980. A 1986 gwamnatin tarayya ta ba shi aikin haɗa tawagar wasa ta ƙasa. Fitowarsa ta ƙarshe a fim ɗin Mister Johnson ce, wanda aka ɗauka a nan Arewa. Ya rasu a Landan ranar 4 ga Afrilu, 1990.