Sarkin Kano Alu Mai Sango: Sarkin da zamanin takobi ya ƙare a idonsa

A cikin sarakunan Kano, kaɗan ne sunan makami ya bi su har ya zame musu laƙabi. Aliyu Babba, wanda Kanawa suka fi sani da Alu Mai Sango, yana cikin waɗannan kaɗan. Sango wani gajeren mashi ne mai dafi da ake cusawa a bakin bindiga a harba, maharban giwa ne suka fi aiki da shi. Rabinsa na zamanin mashi ne, rabinsa kuma na zamanin albarushi. Haka rayuwar wannan sarki ta kasance: ya ci sarauta da takobi da doki, ya rasa ta a gaban igwa da bindiga mai sarrafa kanta.

An haifi Aliyu a Kano a wajajen shekarar 1853. Mahaifinsa shi ne Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau mulki a 1855, ɗan Sarki Ibrahim Dabo na gidan Sulluɓawa. Mahaifiyarsa Saudatu 'ya ce ga Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Muhammadu Bello, kuma sunan kakan nasa ya ci. Saboda haka ya tashi da jinin gidaje biyu, na Dabo a Kano da na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ya yi karatun addini mai zurfi, har ya bar rubutu a fagen sufanci.

A wancan lokaci ba a raba tarbiyyar ɗan sarki da doki. Rundunar Kano ta ginu ne a kan barade, wato mahaya masu takobi da mashi da garkuwar fata. A sahun gaba akwai 'yan lifidi, waɗanda ake lulluɓe su da dawakansu da tufa mai kauri da aka cusa wa audugar rimi don kibiya ta rasa wurin shiga, ga sulke a jiki, ga kwalkwali a ka. A ƙasa kuma dakaru ne da 'yan baka masu kibiyoyin dafi. Wannan tsari ya daɗe, domin Tarihin Kano ya danganta shigo da lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410. Bindigogi kuwa ba su da yawa, kuma galibi suna hannun manyan bayin sarki irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama. Basaraken da ke ji da kansa ya fi ganin daraja a gaba da gaba, inda ake sanin namiji da zaman sirdi da saran takobi.

Yaƙin Basasa ne ya fito da Aliyu fili. Da Sarki Muhammadu Bello ya rasu a ƙarshen 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa, Galadima Tukur, ya gaje shi. 'Ya'yan Abdullahi Maje Karofi, waɗanda suka sha tuɓewa da tsangwama a zamanin Bello, suka ƙi yin mubaya'a. Suka fice daga birni ƙarƙashin yayansu Yusufu, suka yi sansani a Takai, suka shiga tara magoya baya a garuruwan gabas da kudancin Kano. Harin farko da suka kai wa birnin bai yi nasara ba. Ana cikin haka ajali ya riski Yusufu a Garko a 1894, ragamar Yusufawa ta dawo hannun Aliyu. Ban da jarumtarsa, an yi la'akari da cewa jikan Sakkwato ne, zai yi wuya a daɗe ana kiransa ɗan tawaye.

A cikin wannan shekara Aliyu ya shiga Kano da ƙarfin yaƙi. Tukur ya fita zuwa ƙasar Katsina, aka bi shi, aka yi karo a Tafashiya a watan Maris na 1895, inda aka yi masa raunin da ya zama ajalinsa. Nasara ce mai ɗaci. 'Yan uwan juna ne suka gwabza, jikokin Dabo a kowane ɓangare, an kashe jama'a, an ƙone garuruwa, an sayar da 'ya'ya a matsayin bayi. Sabon sarki ya raba manyan sarautu ga 'yan uwansa da suka sha wuya tare, ya naɗa Ahmadu Waziri, ya ba Abbas sarautar Wambai. Tsakaninsa da Sarkin Musulmi Abdurrahman kuwa zama ne na doya da manja, bai taka Sakkwato ba har Abdurrahman ya bar duniya.

Mulkin Alu na kusan shekara tara bai san hutu ba. Daga kudu maso gabas Ningawa na kawo hari daga cikin duwatsunsu, inda doki ba ya iya sukuwa. Daga arewa kuma ga Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga, wanda ya gaji tarin bindigogi da igwa daga mahaifinsa Tanimu, ya kuma kutso cikin ƙasar Kano har Gezawa. Alu ya ga abin da albarushi ke yi wa barade, ya ƙara yawan 'yan bindigarsa, ya gyara ganuwa. Bai kawar da barazanar Damagaram da hannunsa ba. Faransawa ne suka ci Zinder a 1899, Kuran Daga ya rasa ransa. Wanda gemun ɗan uwansa ya kama da wuta, ya shafa wa nasa ruwa.

Wutar ta iso ta hanyar Keffi. A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, wakilin Turawan Ingila, ya gudo Kano. Alu ya karɓe shi da girmamawa, ya ƙi miƙa shi. Lugga ya sami hujjar da yake nema. A watan Janairu na 1903 Alu ya tafi Sakkwato da mahaya kimanin 2,000 don yin mubaya'a ga sabon Sarkin Musulmi, Attahiru na Ɗaya, ya bar tsaron birni a hannun Sarkin Shanu. A bayansa Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji fiye da 700, da igwa huɗu da bindigogin Maxim huɗu. Suka fasa Bebeji a kan hanya. Ranar 3 ga Fabrairu suka huda ganuwar Kano ta wajen Ƙofar Kabuga. Ganuwar da aka yi ɗaruruwan shekaru ana dogara da ita ba ta yi yini guda ba. Sarkin Shanu ya tsaya a gidan sarki ya yi faɗa har aka kashe shi.

Labarin ya riski Alu a ƙasar Zamfara yana kan hanyar dawowa. A nan ne abin da har yau ake muhawara a kansa ya faru. Cikin dare ya rabu da rundunarsa, ya kama hanya da mutane ƙalilan. Wasu na ganin gudu ne. Wasu na ganin niyyar hijira ce zuwa gabas, irin wadda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi bayan makonni. Wasu kuma na cewa mutumin da ya ƙare rayuwarsa a fagen fama ya fi kowa sanin yaƙin da ba a ci, sai ya ƙi kai jama'arsa mahallaka. Ko ma mene ne dalilin, gari ya waye runduna ba sarki, ta dare gida biyu. Wambai Abbas ya nufi Kano da masu son sulhu. Waziri Ahmadu ya zaɓi ya yi faɗa. A Kwatarkwashi baradensa suka yi ta kai farmaki a kan wata ƙaramar tawagar sojoji da ba su kai 50 ba, waɗanda suka ja dāga ta kusurwa huɗu suna ruwan harsashi. Waziri ya faɗi a wurin tare da manyan baraden Kano da dama.

Irin wannan rana ba Kano kaɗai ta gan ta ba. A ƙasar Japan ma an yi wani rukuni na mayaƙa 'yan gado da ake kira samurai, masu takobin katana da mashin yari da dogon baka, waɗanda suka ɗauki takobi a matsayin alamar daraja kamar baraden ƙasar Hausa. A 1876 gwamnatinsu ta hana su yawo da takobi. A 1877 Saigo Takamori ya jagoranci tawaye, ranar 24 ga Satumba ragowar mutanensa suka ƙare a tudun Shiroyama a gaban sojoji masu bindigogin zamani. Shekara 26 ke tsakanin Shiroyama da Kwatarkwashi. Bambancin shi ne, samurai gwamnatin ƙasarsu ce ta karya su, baraden Kano kuwa baƙi ne suka karya su, suka kuma zauna a ƙasar har 1960.

An kama Alu a ƙasar Gobir, aka miƙa shi ga Turawa. Suka kai shi Yola, daga baya suka mayar da shi Lakwaja, garin da aka tsare wasu sarakunan Arewa da aka tuɓe, ciki har da Sarkin Zazzau Kwasau da Aliyu Ɗansidi. Ya yi shekara 23 a tsare, ya fi shekarun da ya yi a kan gado nesa ba kusa ba. A Lakwaja ya rasu a 1926, a can kuma kabarinsa yake. Abbas ne Turawa suka naɗa a madadinsa, ya yi mulki har 1919, kuma daga tsatsonsa mafi yawan sarakunan Kano na baya suka fito.

Makaman da Alu ya yi zamani da su ba su ɓace ba, aiki suka sauya. A Japan saran takobi ya koma wasan kendo, harbin baka ya koma kyudo, ana koyar da su a makarantu. A Kano lifidi da sulke da kwalkwali sun koma kayan Hawan Salla, bindigar gargajiya ta koma ta sanar da fitowar sarki, wasu kayan kuma suna ajiye a Gidan Makama. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ya ga mahaya sun taso a sukwane da masu a ɗage, sun ja linzami a gaban sarki suna jinjina, to sauran farmakin barade yake kallo, irin wanda ya kai Alu gadon sarauta a 1894, ya kuma kasa kare masa shi a 1903.