Dieffenbach: Likitan da Ya Miƙe Karkataccen Ido

Kowannenmu ya san wani da aka riƙa tsokana a firamare da sunan harara-garke, wai ido ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon yamma. To, mutumin da ya fara yin nasarar gyara irin wannan ido da tiyata Bajamushe ne, Johann Friedrich Dieffenbach.

An haife shi a garin Königsberg a 1792. Abin mamaki, ilimin addinin Kirista ya fara karantawa a jami'a. Ya ajiye littafi ya shiga yaƙin da aka yi da Napoleon a 1813, da ya dawo kuma ya canza layi zuwa likitanci. Sai da ya kai shekara 30, a 1822, ya sami digirinsa. Masu ganin sun makara a karatu, kun dai ji.

A Balin ya yi suna wajen gyaran hanci da leɓe. Ga yadda matsalar idon take: tsoka shida ce ke juya kowane ido. In ɗaya ta shanye ko ta yi rauni, sai kishiyarta ta rinjaye ta, ta janye idon gefe, babba ma har ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Wani likita, Stromeyer, ya gwada yanka tsokar a jikin gawa a 1838. A Oktoban 1839 Dieffenbach ya yi aikin a kan yaro ɗan shekara 7 da idonsa ya karkata wajen hanci. Ya yanke tsokar da ke jan idon ciki, ido ya miƙe. Ka tuna fa, lokacin babu maganin sa barci, sai a 1846 ya shigo.

Nan da nan labari ya bazu a Turai, marasa lafiya suka yi ta tururuwa. Zuwa 1842 ya rubuta littafi kan aikin da ya yi wa mutum 1,200. Amma ba duka aka dace ba. Da yake ana datse tsokar gaba ɗaya, idon wasu ya koma karkata waje, gyaran gangar auzinawa ke nan. Gaggawarsa ta ƙara fitowa a 1841, da ya riƙa yanka harshen masu i'ina, aikin da aka yi watsi da shi.

Ya rasu kwatsam a Nuwamban 1847, a asibiti, yana tsakiyar aiki da ɗalibansa, yana da shekara 55. Albrecht von Graefe da wasu da suka biyo baya ne suka daidaita dabarar. Yau likita kan ɗaga tsokar ya ɗinke ta baya kaɗan, ko ya rage tsawonta, ko ya matso da lafiyayya ta taimaki wadda ta shanye.

In akwai ƙani ko ƙanwa mai irin wannan ido a gidanku, a kai shi asibitin ido tun yana ƙarami, don idon da ya daɗe a karkace ganinsa kan raunana.