Fada Tansi: Limamin da ya bar Aguleri domin zuhudu a Ingila

An haifi Iwene Tansi a Aguleri, cikin Jihar Anambra ta yau, a shekarar 1903, iyayensa kuwa mabiya addinin gargajiya ne. Yana ɗan shekara tara aka yi masa baftisma da sunan Michael. Ya yi aikin koyarwa kafin ya shiga makarantar horar da limaman Katolika a 1925, sannan aka naɗa shi Fada a Onitsha a watan Disamba na 1937.

A Dunukofia da Akpu da sauran garuruwan da ya yi hidima, an san shi da yawan azumi da addu'a da ƙanƙan da kai, yana ratsa ƙauyuka a ƙafa ko a kan keke. Tsarkin da yake nema bai tsaya cikin majami'a ba. Ya yi adawa da al'adar osu, wadda ke ware wasu iyalai a matsayin ƙasƙantattu, ya kuma tsaya wa 'yan mata da matan aure a lokacin da ba a cika sauraren kukansu ba. Cikin yaran da ya yi wa baftisma akwai Francis Arinze, wanda daga baya ya zama Kadinal.

A 1950 ya bar ƙasarsa zuwa gidan zuhudu na Mount Saint Bernard a Ingila, inda ya karɓi sunan Cyprian. Mutumin da ya saba jagorantar dubban mabiya ya koma rayuwar shiru da aikin hannu cikin sanyin da bai saba da shi ba. Burin shi ne a kafa irin wannan gida a Najeriya, amma a 1963 aka kafa shi a Kamaru, rashin lafiya kuma ya hana shi tafiya. Ya rasu a Leicester ranar 20 ga Janairu, 1964.

Ranar 22 ga Maris, 1998, Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana shi Mai Albarka a Oba, kusa da Onitsha, matakin da ke gab da waliyyantaka, kuma shi ne ɗan Najeriya na farko da ya kai wannan matsayi. A wannan ziyara ce fadar Vatican ta miƙa wa gwamnatin Janar Sani Abacha sunayen fursunonin siyasa kusan 60, tana neman a sake su.