Oumarou Ganda

Oumarou Ganda (an haife shi a shekarar 1935, ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981) ɗan wasan fim ne, marubucin labarin fim kuma darakta ɗan ƙasar Nijar. Yana cikin mutanen farko da suka kafa harkar fim a Afirka ta Yamma. Fim ɗinsa mai suna Le Wazzou polygame shi ne ya fara lashe babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO a shekarar 1972. An rubuta sunansa ne da ƙa'idar rubutun Faransanci, inda "ou" ke wakiltar wasalin "u", don haka Oumarou shi ne Umaru.

Farkon rayuwa

An haifi Ganda a birnin Yamai lokacin da Nijar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Bazabarme ne. A Yamai ya yi karatun firamare, kuma yana da shekara 16 ya shiga sojan Faransa a 1951. An tura shi yaƙin Indochina, yankin da ya haɗa ƙasashen Biyetnam, Laos da Kambodiya na yau, inda Faransa ta sha kaye a 1954. Ya bar aikin soja a 1955 ya koma gida, amma bai sami aikin yi ba. Kamar matasan Nijar da yawa na wancan zamani, sai ya tafi ci-rani bakin teku. Ya sauka Abidjan a ƙasar Kwaddibuwa, ya kama aikin dako a tashar jiragen ruwa.

Haɗuwarsa da Jean Rouch

A Abidjan ne ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai nazarin al'adun al'umma, wanda ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniya. Rouch yana bincike ne kan 'yan ci-ranin Nijar, sai ya ɗauki Ganda aikin tattara alƙaluma. Daga nan ya sa shi a wani gajeren fim, Zazouman de Treichville, a 1957, sannan ya ba shi matsayin babban jarumi a fim ɗin Moi, un noir na 1958, wanda ma'anarsa ita ce "Ni, baƙar fata".

Fim ɗin ya bi rayuwar wasu samari 'yan Nijar a unguwar Treichville tsawon mako guda: neman aikin yini, rawa, dambe, shaye-shaye da talauci. Kowannensu ya ari sunan wani tauraron fina-finan Turawa da suke kallo a silima. Ganda ya fito da sunan Edward G. Robinson, ɗan wasan Amurka, abokinsa Petit Touré kuma ya zama Eddie Constantine.

Yadda aka yi wannan fim ya sha bamban da yadda aka saba. A ƙa'ida, fim mai tsawo yana da marubucin labari, furodusa mai nemo kuɗi, darakta mai ba da umarni, mai ɗaukar hoto, mai ɗaukar sauti, mai haske, da mai tace hoto wanda ke yankawa da jera abin da aka ɗauka. A nan babu rubutaccen labari. Rouch ne darakta, shi ne kuma ke riƙe da kyamara, ƙarama mai fim na milimita 16 da ake ɗaure wa zare kamar agogo, wadda ba ta iya ɗauka mai tsawo a tashi ɗaya. Ba a ɗauki sauti tare da hoto ba. Sai bayan an gama aka nuna wa Ganda hotunan, shi kuma yana kallo yana magana a kansu, yana ƙirƙirar zance nan take, wani lokaci da bakin Robinson, wani lokaci da bakin kansa. Wannan murya ita ce ke ɗauke da fim ɗin daga farko har ƙarshe. A kusa da ƙarshensa an nuna shi yana tafiya a bakin ruwa tare da wani yaro, yana kwatanta masa yadda ake jefa gurneti da yadda soja ke faɗuwa a Indochina.

Ke nan aikin da Ganda ya yi ya wuce na ɗan wasa, domin shi ya samar da kalmomin da marubuci ya kamata ya rubuta, kuma rayuwarsa ce labarin. Duk da haka, sunan Rouch ne fim ɗin ya ɗaukaka. Ya ci kyautar Louis Delluc ta 1958 a Faransa, kuma ya yi tasiri a kan matasan daraktocin ƙasar irin su Jean-Luc Godard. Batun wanda ya cancanci a kira mai fim a irin wannan aiki ya daɗe ana muhawara a kansa. Daraktan Senegal Ousmane Sembène ya taɓa zargin Rouch a 1965 da cewa yana kallon 'yan Afirka kamar yadda mai bincike ke kallon ƙwari.

Koyon aikin bayan kyamara

Bayan wasu shekaru Ganda ya koma Yamai. Nijar ta sami 'yancin kai a ranar 3 ga Agusta, 1960, kuma kafin lokacin 'yan Afirka ba su da damar yin fim yadda suke so, saboda wata dokar Faransa ta 1934 da ake kira dokar Laval ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da take mallaka sai da izinin hukuma. A Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar akwai wata ƙungiyar masu sha'awar fim, inda ƙwararru ke koyar da ba da umarni, riƙe kyamara da ɗaukar sauti. Ganda ya shiga, ya zama mataimakin ma'aikacin fasaha. A nan ya koyi ɓangaren sana'ar da ɗan wasa ba ya gani. A 1968 ƙungiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim, shi kuma ya rubuta Cabascabo.

Fina-finansa

Cabascabo fim ne baƙi da fari mai tsawon kimanin minti 45. Ganda ne ya rubuta, ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin jarumi. Labarin wani tsohon soja ne da ya dawo daga Indochina da kuɗi a aljihu. Abokai, maroƙa da mata suka yi masa caa, da kuɗin suka ƙare kowa ya watse. Ya nemi aiki, aka wulaƙanta shi, daga ƙarshe ya nufi karkara don ya koma noma. Ana tsarma hotunan yaƙin a tsakiyar labarin a matsayin tunanin baya. Kusan labarin da ya bayar ne a fim ɗin Rouch, sai dai a wannan karon shi ke zaɓar inda za a ajiye kyamara da abin da za a yanke. An nuna fim ɗin a bikin Cannes na 1969 a sashen masu sharhi, ya kuma sami lambar yabo a bikin Mosko na wannan shekara.

Le Wazzou polygame ya biyo baya. Kalmar "wazzou" tushenta ɗaya da "wa'azi" ta Hausa, dukansu aro ne daga Larabci, ko da yake Zabarmanci da Hausa ba dangin harshe ɗaya ba ne. Labarin wani Alhaji ne da ya dawo daga Makka ya ƙyalla ido a kan wata yarinya, Satou, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi mai suna Garba alkawarinta. Iyaye suka ba mai kuɗi, ta shiga a ta uku. Uwargida ta biyu ta ƙulla kashe amarya, amma a cikin duhu ta kashe ƙawar amarya bisa kuskure. Ganda bai soki addini ba a fim ɗin, abin da ya nuna shi ne yadda ake fakewa da laƙabi da dukiya a yi auren dole. A 1972, shekarar da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da kyaututtuka, wannan fim ne ya ɗauki babbar kyautar Étalon de Yennenga.

Saïtane, wato Shaiɗan, ya fito ne jim kaɗan bayan haka, yana magana a kan wani malamin tsibbu da ya zama kawali tsakanin matar aure da wani attajiri. Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne L'Exilé na 1980, wanda aka gina a kan tatsuniya. Wani sarki ya ji samari biyu 'yan uwa suna cewa za su ba da kawunansu in za a aura musu 'ya'yansa. Ya aura musu, bayan shekara ya nemi su cika alkawari. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗayan ya gudu, amma maganar da ya furta ba ta daina bin sa ba.

Abokan aikinsa

Masu yin fim a Yamai a wancan lokaci ba su da yawa, don haka mutum ɗaya kan riƙe aiki biyu ko uku, kuma wanda ya ba da umarni yau gobe yana iya zama ɗan wasa a fim ɗin abokinsa. Jarumar da ta fi fitowa a fina-finan Ganda ita ce Zalika Souley, wadda ta fara wasa a fim ɗin Moustapha Alassane, Le Retour d'un aventurier, a 1966. Ta sha tsangwama daga jama'a saboda irin matan da take fitowa a matsayinsu, domin masu kallo da yawa ba sa raba ɗan wasa da rawar da aka ba shi. Rahmatou Keïta ta yi fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi. Damouré Zika, tsohon abokin Rouch, shi ma ya fito a Saïtane.

Babbar matsalar ita ce kayan aiki. Nijar ba ta da ɗakin wanke fim, don haka sai an aika abin da aka ɗauka zuwa Faransa, kuma galibi a can ake tacewa da haɗa sauti. Darakta ba ya ganin abin da ya ɗauka sai bayan makonni, lokacin da 'yan wasa sun riga sun watse. Wannan tsada na cikin dalilan da suka sa fina-finan zamanin ba su da yawa, a Nijar da arewacin Najeriya baki ɗaya, inda Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar a 1976. Sai da kaset ɗin bidiyo ya zo ne aka sami sauƙi, har aka yi Turmin Danya a Kano a 1990.

Rasuwa

Ganda ya rasu a Yamai ranar 1 ga Janairu, 1981 sakamakon ciwon zuciya, yana da kimanin shekara 45. An sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta birnin, Centre Culturel Oumarou Ganda, wadda ta ƙunshi ɗakin karatu da dandalin wasanni. Bikin FESPACO kuma ya ware kyautar Oumarou Ganda, wadda ake ba daraktan da fim ɗinsa mai tsawo na farko ya fi fice.