TARIHI: Chike Obi, haifaffen Zariya da ya zama dakta na farko a fannin lissafi a Najeriya

An haifi Chike Obi a Zariya a watan Afrilu 1921. Iyayensa mutanen Onica ne, daga cikin ɗimbin 'yan Kudu da neman abinci ya kawo Arewa a zamanin Turawa. A Zariya ya fara karatun firamare, sannan ya tafi Kwalejin Christ the King ta Onica, daga can ya wuce Babbar Kwalejin Yaba a Legas. A lokacin babu jami'a ko ɗaya a ƙasar, domin ta Ibadan ma sai 1948 aka buɗe ta. Saboda haka yana zaune a gida ya yi karatun digiri da Jami'ar Landan, ya ci na farko da na biyu, har ƙwazonsa ya ja masa gurbin karatu a Kwalejin Pembroke ta Jami'ar Kambirij. A 1950 ya kammala digirin digirgir, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya kai wannan matsayi a lissafi.

Fannin da ya ɗauka shi ne lissafin abubuwan da ke sauyawa da tafiyar lokaci, kamar lilon agogon bango, da gudun wutar lantarki a cikin waya, da zagayen taurari. Babbar tambayar fannin ita ce, idan aka san ƙa'idar da abu ke bi wajen motsi, ina zai ƙare? Zai tsaya, ko zai riƙa maimaita zagaye ɗaya, ko kuwa zai rikice? Bafaranshen nan Henri Poincaré ne ya share fagen a ƙarshen ƙarni na 19. A Kambirij kuwa, malamar Obi, Mary Cartwright, tare da J. E. Littlewood sun yi nazarin lissafin na'urorin rediyo da rada, suka nuna a 1945 cewa ƙa'ida mai sauƙin rubutawa tana iya haifar da motsin da ya gagari hasashe. Obi ya duƙufa a kan gano sharuɗɗan da ke sa irin wannan motsi ya riƙa maimaita kansa, kuma mujallun masana a Ingila sun buga sakamakonsa.

A jami'o'in Turai da Amurka, digirin digirgir ba ya mai da mutum cikakken mai bincike. Akan ba sabon dakta gurbi na shekara biyu ko uku kusa da manyan fanninsa, a rage masa nauyin koyarwa, domin ya fitar da aikinsa, ya koyi zaɓen matsala da kansa, ya kuma san abokan aiki. Obi ya ɗan taɓa irin wannan zama a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts a Amurka, amma bai daɗe ba ya dawo gida ya kama koyarwa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Ya tarar da ɗalibai masu ƙishirwar ilimi, sai dai abokan muhawara a fanninsa suna can ƙetare, ga kuma ƙasa ta ɗauki zafin neman 'yanci.

Nan siyasa ta ja shi. Ya kafa jam'iyyar Dynamic Party, wadda ta ɗauki salon Mustafa Kamal Ataturk na Turkiyya abin koyi, tana ganin ƙasa mai tasowa na bukatar shugabanci mai ƙarfi da zai tura ta zuwa ga kimiyya da zamani. Ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1960, daga baya kuma Majalisar Jihar Gabas. Wata ƙasida da ya raba yana caccakar gwamnatin tarayya ta ja masa tuhumar tunzura jama'a. A 1961 Kotun Ƙoli ta yanke cewa dokar da aka tuhume shi da ita ba ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki ba, kuma har yau ɗaliban shari'a na karanta wannan hukunci. A 1962 aka kama shi cikin rikicin zargin cin amanar ƙasa da ya ci Obafemi Awolowo, aka sake shi saboda rashin hujja. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, ya tsaya a ɓangaren Biyafara.

Sai bayan yaƙin, a 1970, ya koma jami'a sosai, wannan karon a Jami'ar Legas, inda ya zama farfesa. Shekarunsa sun kusa hamsin, kuma kusan shekara ashirin da masanin lissafi kan fi yin ƙarfi a cikinsu sun tafi a dandalin siyasa da kotu da yaƙi. Duk da haka ya sake ɗaukar alƙalami a kan tsohon fanninsa, ya buga sababbin ayyuka. A 1985, shekarar da ya yi ritaya, cibiyar nazarin kimiyya ta ƙasa da ƙasa da ke Trieste a Italiya ta ba shi lambar yabonta. Abdus Salam na Pakistan ne ya kafa wannan cibiya a 1964 domin maganin kaɗaicin da ke kashe bincike a ƙasashe masu tasowa, ta hanyar gayyato masana su yi 'yan watanni cikin takwarorinsu su koma gida.

Obi ya koma Onica ya ci gaba da aiki a wata ƙaramar cibiya da ya kafa, mai suna Nanna. A can ya tunkari matsalar Fermat, wadda ta gagari masana fiye da shekara 350. Kowa ya san 3 sau 3 haɗe da 4 sau 4 daidai yake da 5 sau 5. Fermat ya yi iƙirarin cewa idan ninkin ya kai sau uku ko fiye, babu wasu cikakkun lambobi uku da za su yi irin wannan daidaito. Andrew Wiles ya tabbatar da haka a 1994, bayan shekaru na aiki, kuma sai da masu tantancewa suka gano masa giɓi ya toshe shi da taimakon Richard Taylor. Obi ya sanar a 1997 cewa ya samo gajeriyar hujja, amma da masana suka duba sai suka tarar da kuskure a cikinta, ba a karɓe ta ba. Wannan bai rage darajar aikinsa na farko ba. Ya dai nuna cewa lissafi, duk da ana yin sa da takarda da alƙalami, yana bukatar idon abokin aiki kafin a kai shi kasuwa.

Hanyar da ya buɗe ba ta toshe ba. James Ezeilo ya bi sawunsa zuwa wurin Cartwright, ya dawo ya yi suna a fanni ɗaya, kuma shi ne shugaban farko na Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da aka kafa a ƙarshen shekarun 1980, wadda ke Sheda a yankin Kwali na Abuja. Aikinta ya haɗa da tara masu bincike wuri ɗaya, abin da Obi ya rasa a ƙuruciyarsa.

A yau jami'o'in Najeriya na yaye daktoci a lissafi kowace shekara. Wanda aka ɗauka aiki a Zariya ko Kafancan yakan faɗa cikin manyan azuzuwan 'yan shekarar farko da tarin takardun jarrabawa tun kafin ya fitar da abin da ke cikin kundinsa. Asusun TETFund na biyan kuɗin karatun malamai da yawa har su zama daktoci. Ga masu tsara kasafi da manufa a Abuja, tarihin Obi na tunatar da cewa shekaru biyu ko uku da ke biye da digirin su ne ke yanke ko kuɗin da aka kashe zai haifi mai bincike.

Chike Obi ya rasu ranar 13 ga Maris 2008, yana da shekara 86. Cikin 'ya'yansa akwai Mustafa Chike-Obi, wanda ya shugabanci hukumar AMCON daga 2010 zuwa 2015.