René Cassin: Sojan da harsashi ya naƙasa, ya kafa makarantar masu kare haƙƙin ɗan Adam

A watan Disamban 1968 wani dattijo ɗan Faransa mai shekara 81 ya karɓi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a birnin Oslo. Shekara guda bayan haka ya zuba kuɗin kyautar wajen kafa wata cibiya a birnin Strasbourg, wadda aikinta shi ne koyar da lauyoyi, alƙalai, ɗalibai da 'yan fafutuka dokokin duniya na kare haƙƙin ɗan Adam. Sunan dattijon René Cassin, kuma dalilin da ya sa ya zaɓi makaranta ya samo asali ne tun daga fagen yaƙi.

An haife shi ranar 5 ga Oktoban 1887 a garin Bayonne da ke kudu maso yammacin Faransa, a gidan Yahudawa 'yan kasuwa. Ya tashi a birnin Nice, ya karanta shari'a a Aix-en-Provence da Paris. Ya gama digirinsa na uku ke nan a 1914 sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, aka tura shi fagen daga. A watan Oktoba na shekarar, harsasan bindiga mai sarrafa kanta suka same shi a ciki, kusa da garin Saint-Mihiel. Ya rayu, amma raunin bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan ya tashi daga jinya ya koma koyarwa a jami'a, ya kuma shiga cikin waɗanda suka kafa babbar ƙungiyar tsofaffin sojoji da naƙasassun yaƙi ta Faransa. Hujjar da suka tsaya a kanta ita ce, kuɗin da ake bai wa wanda ya rasa ƙafa ko ido a yaƙi, ko matar da mijinta bai dawo ba, bashi ne a kan ƙasa, ba sadaka ba. Dokar fansho ta 1919 ta amince da hakan. Daga baya ya taimaka wajen haɗa naƙasassun sojojin Faransa da na Jamus a zaure ɗaya, mutanen da suka harbi juna 'yan shekaru kaɗan kafin nan.

Daga 1924 zuwa 1938 Cassin yana cikin wakilan Faransa a League of Nations, ƙungiyar ƙasashen duniya da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mazauni a Geneva. A can ne ya ga abin da ya tsaya masa a rai. A 1933 wani Bayahude mai suna Franz Bernheim, wanda aka kora daga aiki a yankin Upper Silesia bayan hawan Hitler mulki, ya kai ƙarar gwamnatin Jamus gaban ƙungiyar. Ya samu wannan dama ce saboda wata yarjejeniya ta 1922 tsakanin Jamus da Poland ta ba tsirarun wannan yanki kaɗai ikon kai koke. Ƙarar ta yi tasiri: Jamus ta dakatar da dokokin wariya ga Yahudawa a yankin har zuwa 1937, lokacin da wa'adin yarjejeniyar ya cika. Amma Yahudawan Berlin ko Munich ba su da irin wannan ƙofa, domin ƙa'idar zamanin ita ce abin da gwamnati ta yi wa 'yan ƙasarta lamari ne na cikin gida. A watan Oktoban 1933 Jamus ta fice daga ƙungiyar baki ɗaya.

Da Faransa ta faɗa hannun Jamus a watan Yunin 1940, Cassin ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila, ya zama ɗaya daga cikin fararen hula na farko da suka bi Janar Charles de Gaulle a Landan. Shi ya tsara yarjejeniyar 7 ga Agustan 1940 tsakanin de Gaulle da Winston Churchill, wadda ta fayyace matsayin dakarun 'yantar da Faransa. Gwamnatin Vichy, mai haɗa kai da 'yan Nazi, ta ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa, ta kuma yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa. Fiye da mutum 20 daga danginsa sun halaka a kisan ƙare dangin da aka yi wa Yahudawa, ciki har da 'yar'uwarsa.

Aikin da aka fi saninsa da shi ya zo ne bayan yaƙin, a kwamitin da Eleanor Roosevelt ta jagoranta domin rubuta Kundin Haƙƙin Ɗan Adam na Duniya. A nan akwai gyara da ya kamata a yi, domin an daɗe ana kiransa uban kundin, musamman a Faransa. Daftarin farko na John Humphrey ne, wani lauya ɗan Kanada da ke aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya. Cassin ya karɓe shi a watan Yunin 1947, ya sake masa tsari, ya jera sassan yadda ɗaya zai kai ga ɗaya. Charles Malik na Lebanon da P.C. Chang na China su ma sun taka muhimmiyar rawa. An amince da kundin a Paris ranar 10 ga Disamban 1948 da ƙuri'a 48, ƙasashe 8 suka ƙaurace, babu wadda ta ƙi.

Sai dai kundin sanarwa ce, ba ta da kotu, ba ta da ɗan sanda. Tun a 1947 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar ta bayyana cewa ba ta da ikon ɗaukar mataki kan koke-koken da mutane ke aiko mata. Cassin ya so a bai wa kowane mutum damar kai ƙara sama da ƙasarsa, irin damar da Bernheim ya samu, amma manyan ƙasashe ba su yarda ba.

Shi ma yana da nasa tabon. A 1950 ya kare matsayin gwamnatinsa a Majalisar Ɗinkin Duniya na cewa kada yarjejeniyar da ake shiryawa ta hau kai tsaye kan ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka. A lokacin Nijar, Chadi da wasu daga cikin maƙwabtansu suna hannun Faransa. Kuma daga 1944 zuwa 1960 shi ne ke jagorantar Conseil d'État, kotun ƙoli mai sauraron ƙararraki kan hukumomin gwamnati, wato har cikin shekarun yaƙin Aljeriya da aka yi ta azabtar da fursunoni. Masana tarihi da dama na ganin bai ɗaga murya a fili yadda ake tsammani daga mutum irinsa ba, kuma da wuya a ce ba su da gaskiya.

A 1959 ya zama alƙali a Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg, ya shugabance ta daga 1965 zuwa 1968. Abin mamaki, duk tsawon shugabancinsa ƙasarsa ba ta tabbatar da yarjejeniyar da ta kafa kotun ba. Sai a 1974 Faransa ta yi hakan, kuma sai a 1981 ta yarda 'yan ƙasarta su kai ta ƙara can.

A wannan kotu ya ga ɗaya ɓangaren matsalar. Ko an buɗe ƙofa, sai wanda ya san hanya ke shiga. Kotunan duniya da kwamitocin Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa sauraron mai ƙara sai ya nuna ya bi matakan shari'a na ƙasarsa har ƙarshe. Akwai wa'adin shigar da ƙara. Dole ne a san wace yarjejeniya ƙasar ta sa wa hannu, da wane sashe aka karya, da irin shaidar da za ta tsaya. Mai gaskiya na iya faɗuwa tun ba a duba zaluncin da aka yi masa ba, don kawai lauyansa bai san waɗannan ba. Wannan giɓi ne cibiyar da ya kafa a 1969 ta zo cikewa, da kwas na kowane watan Yuli wanda ke tara mahalarta daga nahiyoyi daban-daban. Karel Vasak, masanin shari'a haifaffen Czechoslovakia, shi ne sakatarenta na farko.

A zauren wannan cibiya ne a 1972 Kéba Mbaye, babban alƙalin Senegal, ya gabatar da laccar da ya kafa hujjar cewa ci gaba haƙƙi ne na ɗan Adam. Mbaye ne daga baya ya jagoranci masanan da suka tsara Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981, kuma sashe na 22 nata ya tanadi wannan haƙƙi. Cibiyar na nan har yau da sunan Gidauniyar René Cassin, ta kuma shirya kwasa-kwasai a wajen Turai, ciki har da Dakar da Bamako.

Cassin ya rasu a Paris ranar 20 ga Fabrairun 1976 yana da shekara 88. Yarjejeniyar haƙƙoƙin farar hula da siyasa, tare da ƙarin da ya ba mutum ɗaya damar kai ƙarar gwamnatinsa gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara aiki ne ranar 23 ga Maris, wata guda da 'yan kwanaki bayan rasuwarsa. A ranar 5 ga Oktoban 1987, ranar da ya cika shekara 100 da haihuwa, aka mayar da gawarsa Panthéon, makwancin gwarazan Faransa.